Yadda ake neman tsofaffin duwatsun iyaka a ƙasar Adar da rubuta bayaninsu

Duk wanda ya saba yawon ƙafa a karkarar jihar Tawa ta Nijar, inda ƙasar Adar take, tun daga fakon Keita da Buza har zuwa fadamun Majiya da gonakin da ke kudu da Birnin Ƙonni, ya taɓa yin kiciɓis da wani ɗan ginin siminti, ko tulin dutse, ko sandar ƙarfe da ke tsaye ita kaɗai a inda babu gida babu rijiya, wani lokaci da lamba ko ƴan haruffa a jiki waɗanda iska da rairayi suka soma cinyewa. Yawancinmu mukan wuce ba tare da mun waiwaya ba, sai ranar da gardama ta tashi a kan gona ko burtali sannan a tuna da shi. Wannan rubutu na malaman makaranta ne da ɗalibai da matasan ƙauyuka masu son tattara bayanin irin waɗannan alamomi tun kafin su ɓace. Sharaɗi guda ne ya ratsa aikin daga farkonsa har ƙarshe, wato a bar dutsen a inda aka same shi, domin shaidar da yake bayarwa tana cikin wurin da yake tsaye ne, kuma da zarar an gusar da shi ko da taku ɗaya, ya koma dutse kamar sauran duwatsun daji.

Ka fara sanin abin da kake nema

Kuskuren da sabon mai bincike ya fi yi shi ne ya ɗauki kowane siminti mai lamba a matsayin iyaka, alhali alamomin da ke warwatse a karkararmu iri-iri ne, kuma hannuwa dabam-dabam suka kafa su a zamuna dabam-dabam.

Mafi tsufa a cikin masu rubutu su ne turakun iyakar Nijar da Najeriya, kuma ya kamata a ɗan tsaya a kan tarihinsu, domin wanda bai san yadda aka ja layin ba, ba zai gane abin da lambar ke faɗa ba. A shekarar 1890 Ingila da Faransa suka fara raba wannan yanki a takarda, da layin da ya tashi daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barwa a gefen tafkin Cadi. A ranar 14 ga Yuni 1898 suka sake wata yarjejeniya a Paris, inda aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100, wato wajen kilomita 160, daga birnin Sakkwato, aka ce duk abin da ke cikinta na Ingila ne. Wannan da'ira ta ratsa tsakanin Tawa da Ƙonni, ta bar Ƙonni da Madawa a ɓangaren Ingila, ta kuma bar wa Faransawa hanya mai ƙarancin rijiyoyi tsakanin bakin kogi da Damagaram. Rashin ruwan nan ne ya sa suka matsa har aka sauko da layin kudu a yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904, aka daidaita shi a ta 29 ga Mayu 1906. Daga nan Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi layin da ƙafa da dawaki tsakanin 1906 da 1908, suka kafa manyan alamomi 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, aka kuma sa hannu a kan sakamakon aikinsu a Landan ranar 19 ga Fabrairu 1910. Lambobin suna hawa ne daga yamma zuwa gabas, saboda haka na wajen Gaya ƙanana ne, suna ƙaruwa yayin da aka nufi Ƙonni da Maraɗi da Damagaram.

Abin da zai ba mai bincike mamaki shi ne yawancin alamomin nan ba sassaƙaƙƙen dutse ba ne. Masu aikin sun yi amfani da abin da suka samu a wurin: a wani wuri gungumen itace huɗu kewaye da na biyar, a wani wuri tulin dutse da aka shafe kansa da siminti, a wani wuri sandar ƙarfe ta wayar tangaraho, a wani wurin kuma itaciya ce kawai aka sassabe rassanta. Rubutun yana kan wani ɗan allon ƙarfe ne da aka maƙala, mai ɗauke da shekarar 1907 da lambar alamar. Gara ta gama da na itace tun tuni, ƙarfe kuwa bai cika daɗewa a daji ba a ƙasar da ke da maƙera, shi ya sa ƙasashen biyu suka sake gina da yawa daga cikin turakun da siminti a shekarun baya, suka kuma ƙara ƙanana a tsakaninsu. Saboda haka sabon siminti yana iya zama a kan tsohon gurbi, kuma ya dace a duba gindinsa ko akwai ragowar tulin dutse ko guntun ƙarfe na farko. Idan aka raba tsawon iyakar, wanda ya kai wajen kilomita 1,500, da alamomi 148, za a ga cewa tsakanin wata da wata akwai kimanin kilomita goma, wanda ke nufin mai neman su da ƙafa ba zai wuce ɗaya ko biyu a yini ba.

Iri na biyu su ne alamomin masu awon ƙasa da zanen taswira, waɗanda galibi ake samu a kan tudu ko kan dutse mai hangen nesa, ko kuma a manne jikin gada da tsohon ginin gwamnati. Aikinsu shi ne riƙe matsayin wani ɗigo da aka auna, ko tsayinsa daga teku, kuma ba su raba gonar kowa da ta kowa. Na uku su ne duwatsun kilomita na bakin manyan hanyoyi, kamar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta ratsa Dogon Dutsi da Ƙonni da Madawa, ko wadda ta rabu a Tsarnawa ta hau zuwa Tawa. Su ma ba iyaka ba ne, amma tsohon dutsen kilomita da aka tsinta a cikin gona, nesa da kwalta, yana nuna inda tsohuwar hanya ta bi, kuma wannan kaɗai ya isa a rubuta shi. Akwai kuma turakun gandun daji na gwamnati, da na filayen da aka yi wa takardar mallaka bisa dokar 26 ga Yuli 1932, wadda ta wajabta a kafa turaku a kusurwoyin fili kafin a yi masa rajista. Na baya-bayan nan su ne turakun burtali da makiyaya da mashaya, waɗanda suka yawaita bayan dokar tsarin karkara mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa hukumomin kula da filaye da kowa ya sani da sunan COFO, da kuma dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010.

Abu biyu ne ke yawan ruɗar baƙo a Adar. Jerin duwatsun da ya lulluɓe fakon Keita aikin tare ruwa da raya ƙasa ne, wanda shirin raya karkara na Keita ya yaɗa tun daga 1984. Tulin dutse kuma, musamman a arewa wajen Abalak da Cintabaradan, sau da yawa tsohon kabari ne, kuma rubutun Tifinag na Abzinawa ko na Larabci a jikin dutse ya fi kusa da zama sunan mutum ko addu'a. Irin waɗannan suna ƙarƙashin dokar kare kayan tarihi mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, ba a tona su, ba a kuma ɗaga ko da dutse ɗaya daga cikinsu.

Lokacin fita da neman izini

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, idan an kwashe amfanin gona kuma hukuma ta sanar da sakin gonaki, daga nan har zuwa farkon bazara. A lokacin ciyawa ta kwanta, kara ya ragu, ƙoramu sun bushe, kuma babu wanda zai zarge ka da tattake masa shuka. Da damina hatsi kan rufe komai, kuma lokacin ne zukata suka fi zafi a kan maganar iyaka.

Kada ka shiga dajin kowane gari kafin ka sauka ƙofar hakimi. Mutumin da aka gani yana zagaya gona da igiyar awo da littafi, yana ɗaukar hoto, kafin la'asar labari ya cika gari cewa an zo sayar da ƙasa. Ka yi gaisuwa yadda ta kamata, ka faɗi ko kai ɗan wane gari ne, sannan ka bayyana abin da ya kawo ka a fili, misali ka ce: "Ranka ya daɗe, daga makaranta muke, mun zo ganin tsofaffin alamomin da ke cikin dajin nan domin mu rubuta tarihinsu, ba awon gonar kowa ya kawo mu ba." Ka roƙi a haɗa ka da ɗan rakiya, kuma in da hali ya kasance ɗaya daga cikin wakilan COFO ta ƙauyen. Idan alamar ta shafi burtali ko mashaya, ka je wurin arɗo ko rugan makiyaya kamar yadda ka je wurin sarkin noma, domin wanda ya gaida ɓangare ɗaya ya tsallake ɗaya ya riga ya shiga shari'ar da ba a gayyace shi ba.

Turakun iyakar ƙasa suna da nasu hukunci. Wasu sassan kan iyaka a kudancin jihar suna fama da ƴan bindiga da masu satar mutane, saboda haka sai an sanar da ofishin magajin gari da jandarmomi, an ji ta bakinsu, kafin a tunkari wurin, kuma idan suka ce a dakata sai a dakata. Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa, kada ka tsallaka wancan ɓangare don neman kyakkyawan hoto, kada kuma ka nuna kyamara wajen shingen jami'an tsaro.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu da fensir, igiyar awo irin ta magina, rula, wayar salula mai GPS da cikakken caji, gorar ruwa ban da ta sha, burushi mai laushi, ƙaramin madubi, tocila, da sanda. Sandar ta duba gindin dutse ce kafin a kai hannu, domin kububuwa da kunama sun fi kowa son inuwar irin waɗannan wurare.

Tambayar dattawa

Kafin taswira da na'ura, mutanen wurin ne za su kai ka. Makiyaya da mafarauta da mata masu itace sun san kowane baƙon abu da ke dajinsu, sai dai ba lallai su san shi da sunan da ka zo da shi ba, saboda haka ka kwatanta siffarsa, ka ce wani gini ne ƙarami na zamanin Nasara mai rubutu a jiki, ko wani ƙarfe da aka kafa tun da daɗewa.

Idan an isa wurin, ka yi tambayar da ba ta sa wa mutum amsa a baki. Maimakon ka ce wannan ai shi ne iyakar gari kaza, ka ce: "Baba, me kuke kiran wannan dutse, kuma me kuka ji iyaye suna faɗa a kansa?" Daga nan ka bi da sauran a hankali: tun yana yaro a nan ya san shi, ko an taɓa gusar da shi, ko akwai wani irinsa gaba ko baya, ko akwai wata itaciya ko rijiya da ke kusa a da wadda yanzu babu. Dattawa ba su cika ba da shekara da lamba ba, sai dai su ce zamanin sarki wane, ko kafin wata yunwa, ko shekarar da aka yi hanya, kuma haka za ka rubuta, ka bar lissafin sai ka koma gida. Ka tambayi aƙalla mutum biyu, kowa shi kaɗai, kuma idan maganarsu ta saɓa ka rubuta duka biyun kamar yadda aka faɗa, kada ka zaɓi wadda ta fi yi maka daɗi.

A nan ne kuma za ka ji labarin iyakokin da ba su da rubutu, waɗanda su ne mafi yawa. Manomin Adar ya saba raba gonarsa da ta maƙwabcinsa da layin gamba, ko shingen aguwa, ko wata aduwa ko magariya da kowa ya yarda da ita, ko dutsen da kakanni suka binne rabinsa. Iyakokin sarautu ma, a zamanin mulkin mallaka, galibi da jerin sunayen garuruwa aka ƙayyade su, ba da turaku ba, saboda haka ka yi taka-tsantsan da duk wanda ya nuna maka siminti ya ce nan ƙasar sarki wane ta tsaya. Ka rubuta waɗannan alamomi na gargajiya tare da masu rubutun, domin sau da yawa su ne ke tabbatar da cewa turken bai motsa ba.

Karanta rubutun

Wannan shi ne wurin da ake yawan yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ni kaina a farkon aikina na taɓa goge wani turke da burushin ƙarfe don in fito da lambarsa, sai fuskar simintin, wadda dama ta rube, ta zube tare da rabin lambar, kuma abin da ya rage mini shi ne hoton da na ɗauka kafin in taɓa shi. Tun daga ranar nake fara ɗaukar hoto kafin komai, kuma ban ƙara kusantar da ƙarfe ga rubutu ba.

Ka share ƙura da burushi mai laushi kawai. Idan ƙasa ta binne ƙasan rubutun, ka janye ta da hannu kaɗan-kaɗan, ka mayar da ita idan ka gama, kada ka yi haƙa har turken ya soma girgiɗi. Kada ka sa sabulu ko ruwan batir, kada ka bi haruffan da alli ko gawayi ko fenti, domin wanda ya bi harafi da alli abin da yake zato ya zana, kuma duk mai zuwa bayansa zatonsa zai karanta.

Haske ne babban makamin mai karatu. Da tsakar rana, lokacin da rana ke bisa kai ko take dukan fuskar dutsen kai tsaye, rubutu marar zurfi yakan ɓace gaba ɗaya, amma da hantsi ko bayan la'asar, sa'ad da haske ke shafar fuskar daga gefe, kowane ɗan rami yakan yi inuwa har harafin ya fito. Idan fuskar tana cikin inuwa, ka sa abokin tafiyarka ya tsaya gefe ya karkato hasken rana da madubi, yana sauya kusurwa a hankali kana kallo. Bayan magariba tocila tana yin wannan aiki fiye da rana, muddin an riƙe ta dab da dutsen daga gefe guda, ko da yake wannan sai a wurin da ke kusa da gari. Yayyafa ruwa ma yana taimakawa, domin fuskar takan riga ramukan bushewa, sai a sami ɗan lokaci da haruffan suka fi sauran wurin duhu.

Ka kwafi abin da idonka ya gani, layi bisa layi, da manyan haruffa inda suke manya, ka sa ɗigo a gurbin kowane harafin da ya goge, ka kuma sa alamar tambaya a ƙarƙashin wanda kake shakka. Fassararka ta zo a wani layi dabam. Ka lura da cewa a rubutun hannu na Faransawa lamba 1 tana da dogon ƙugiya har takan yi kama da 7, ita kuwa 7 ana ratsa ta da ɗan layi a tsakiya, kuma 3 da 8, ko 5 da 6, suna saurin rikiɗewa idan siminti ya zaizaye. Gajerun haruffa suna taimakawa wajen gane iri da zamani. PK na nufin kilomita kaza daga mafarin hanya, TF na nufin fili mai takardar mallaka, IGN kuwa hukumar taswira ce ta Faransa, wadda ta zana taswirorin ƙasar nan kafin a kafa tamu ta IGNN a Yamai. Idan ka ga AOF, to alamar ta zamanin tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa ce, wadda aka kafa a 1895, kuma ta girmi ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960. Ka duba dukkan fuskokin, har da kan turken, domin ɗigo ko gicciye ko ƙusar da ke sama ita ce ainihin wurin da aka auna, wani lokaci kuma akan ja layi a kai mai nuna inda iyakar ta nufa.

Awo da hoto

Ka ba kowace alama shafinta da lambarta ta kanka, wadda za ta zauna a littafi kawai, ba a jikin dutsen ba. Ka rubuta rana da sa'a, sunan ƙauye da ƙaramar hukuma, abin da aka yi alamar da shi, tsayinta daga ƙasa, faɗin kowace fuska, da halin da take ciki, ko tana tsaye daram, ko ta karkata, ko ta faɗi, ko ta tsage. Hotuna su haɗa da kowace fuska da rula a jingine don a san girma, da na sama, da kuma guda huɗu daga nesa kaɗan masu nuna gabas da yamma da kudu da arewa.

Wajen ɗaukar matsayi, ka ɗora wayar a kan turken, ka ba ta ƴan mintoci ta natsu, sannan ka kwafe lambobin a littafi da hannu. A fili marar rufi wayar salula takan yi kuskuren mita uku zuwa biyar, wanda ya isa a sake gano dutse amma bai isa a yanke hukunci a kan kunya biyu ta gona ba, kuma wajibi ne ka faɗa wa mutanen wurin haka tun kafin wani ya ce na'ura ta ba shi gaskiya. Ka rubuta cewa lambobin na tsarin WGS 84 ne, wanda wayoyi ke aiki da shi, domin tsofaffin taswirori da wani tsari aka yi su. A taswira mai ma'aunin 1/200,000 kuwa, milimita ɗaya mita 200 ce a ƙasa, wato kaurin layin fensir kaɗai ya cinye gona guda, saboda haka saɓani tsakanin wayarka da tsohuwar taswira ba hujja ba ne cewa an gusar da turke.

Saboda wannan rauni na na'ura, ka ɗaure alamar da abubuwa uku masu daɗewa da ke kewaye da ita, kamar bakin rijiya, ko wani babban gawo, ko kan dutse, ka auna nisan kowanne da igiya ko da taku, ka rubuta ɓangaren da yake. Manhajar neman alƙibla da ke cikin waya tana iya nuna maka arewa, amma ka ja baya kaɗan daga turken ƙarfe ko siminti mai rodi a ciki, domin ƙarfe yana karkatar da ita. Ka zana ɗan taswirar wurin da hannu ko da zanenka bai da kyau.

Idan ka tarar an tumɓuke shi

Za ka sami turaku a kwance cikin ƙorama, da waɗanda aka mayar wurin zama a majalisa, da waɗanda aka tokare gindin rumbu da su. Zuciya za ta raya maka ka mayar da shi gurbinsa, to kada ka yi, ko da dattawa goma sun nuna maka wurin. Ka rubuta shi a inda ka same shi, ka rubuta inda aka ce yake a da, da wanda ya faɗa, sannan ka kai rahoto. Turken burtali ko na makiyaya aikin COFO ne na ƙaramar hukuma ko na gunduma, na gandun daji aikin ma'aikatan daji ne, na awon ƙasa na IGNN ne, na iyakar ƙasa kuwa sai hukumar iyakoki ta ƙasa tare da takwararta ta Najeriya, domin ƙasa ɗaya ba ta sake kafa shi ita kaɗai. Dokar ƙasa tana hukunta mai cire turken iyaka ko gusar da shi, kuma mutanenmu sun san nauyin abin tun kafin doka, saboda hadisin da Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Ali, wanda a cikinsa aka la'anci mai canza alamomin ƙasa.

Haka kuma kada ka ɗauka cewa duk turken da ke tsaye yana kan gaskiya. A shari'ar iyaka tsakanin Nijar da Burkina Faso, wadda kotun duniya da ke Hague ta yanke ranar 16 ga Afrilu 2013, takardun 1927 sun ambaci alamomi biyu da aka auna matsayinsu ta hanyar taurari, a Tong-Tong da Tao, sai kotu ta ja miƙaƙƙen layi tsakaninsu, ta ƙi karɓar wani turke da jami'an mulkin mallaka suka kafa a Vibourié a 1935, duk da cewa an rubuta takarda a kan kafa shi. Abin da mai bincike zai ɗauka a nan shi ne ya nemi takardar da ta haifi turken, ya ajiye ta gefen maganar dattawa da abin da ya auna. Ta burtali tana ofishin COFO, inda ake ajiye takardun shaidar gado da saye da kyauta da aro da jingina, ta filaye masu rajista tana ofishin kula da filayen gwamnati, tsofaffin rahotannin kumandodi kuwa suna gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai.

Ajiye abin da aka tattara

Ka mayar da bayanan cikin tsabta a daren ranar da ka dawo, tun kana tuna wane hoto ne na wane turke, ka kuma sa wa kowane hoto lambar shafinsa. Waya takan faɗa ruwa ko a sace ta, saboda haka ka buga muhimman hotunan a takarda, ka yi kwafi aƙalla uku, ɗaya a hannun hakimi ko COFO ta ƙauyen, ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya a wurinka. Abin da ya shafi tsofaffin alamomi na zamanin mulkin mallaka ko rubutun kan dutse, ana iya aika kwafinsa ga cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Idan za ka sa hotuna a Facebook ko WhatsApp, ka cire lambobin matsayi na duk alamar da ke da allon ƙarfe, saboda masu jari-bola, kada kuma ka sa sunan dattijon da ya ba ka labari sai da yardarsa, musamman inda ake da gardama a kan wurin.

Bayan kowace damina ka sake zagayawa, ka fara da turakun da ke bakin ƙorama da gangaren tudu, domin su ruwa ya fi ci. Ka ɗauki sabon hoto daga inda ka tsaya a bara, ka sake auna tsayin turken daga ƙasa da nisansa daga abubuwa ukun nan, ka rubuta sakamakon a ƙarƙashin na bara da kwanan watansa.